Mai Sa Idanu

A masana'antar da ke gefen Ya'an
ni ce mai sa idanu.
Maɓalli biyu baƙaƙe, zare, in ja, in ƙulle,
panda ɗari uku kafin abincin rana.
Cikinsu auduga, ba su san yunwa ba.

Ƙanena Ruilin yana can kan dutse,
shekara tara yana gadin daji.
Sau biyu ya ga ta gaske.
Sauran kwanaki sai sawu a kan ƙanƙara,
sai kashi mai ɗumi cike da tsinken gora,
ya tsuguna, ya auna, ya rubuta.

Ya ce ba ta son taro.
Zama take kamar tsohuwa a bakin ƙofa,
gora a hannu, tana ɓara, tana tauna,
rabin yini a kan abu guda.
Ɗanta ranar haihuwa bai fi ɓera ba,
ja, makaho, kuka ya fi jiki.
In ta haifi biyu, ɗaya take ɗauka.
Nan ya yi shiru, ya hura shayinsa.

Nawa ba a zaɓa. Duk kwali ɗaya,
su haye teku, su kwana a hammatar yaron da ban sani ba.

Jiya na ɗinka wani, ido a karkace.
Shugaba ta ce a jefar.
Na cusa shi cikin rigata.
Ran hutu zan hau da shi,
ya zauna a tagar Ruilin
yana kallon gorar da ba zai ci ba.