Wa Ke Nan?

A ɗakin kwamfuta na Samaru
Mantau ya ci sunansa:
kalmar sirri ta ɓace masa.
Sau uku, ƙofa ta ce a'a.

Aka ce ya dangwala yatsa.
Wane yatsa? Simintin hutun bana
ya cinye zanen tas.

Aka turo lamba ta waya,
wayar kuwa tana Kwangila wurin mai caji
tun ɗaukewar wutar jiya.

Kwamfutar Cindo, da yake an san ta,
ko tambayarta ba a yi ba.
Na'ura a ciki, mutum a waje.

Da dare, Tudun Jukun.
Bai kai ga sallama ba,
jan silifas kawai a zaure,
Iya Lantana ta ce,
"Turo, Mantau, ban sa sakata ba."