Sandar Babana

Babana Genzo ya ce matakalar dubu biyu ce da arba'in da ɗaya.
Kaka hamsin yana hawanta
da zangarniyar shinkafar farko a ƙirjin riga.
Bana gwiwa ta ce atafau.
Daga shimfiɗa ya miƙo mini sandarsa:
"Chizuru, ki je ki gaya wa mai dutsen an girbe.
Iyakar saƙon ke nan.
Kada ki roƙa mini komai."

Na baro Osaka a jirgin ƙasan asuba
da takalmin da bai taɓa sanin laka ba.

A gindin dutsen ga jar ƙofa tsaye ita kaɗai,
ginshiƙi biyu, gungume biyu a gicciye,
ba ƙyaure, ba katanga,
barewa ma kewaye ta take yi.
Duk da haka na rusuna kafin in shige,
na raɓa gefe,
don tsakiyar hanya ba tamu ba ce.
Ruwan kwarya ta dutse ya ciji yatsuna:
hagu, dama, baki,
ragowar ta bi mariƙin ludayin gora ta sauka.

Sai ƙirge.
A ɗari uku itatuwan sugi suka rufe sama ruf.
Wani an yi masa ɗamara da igiyar karan shinkafa,
fararen takardu na reto a jikinta
kamar walƙiyar da aka wanke aka shanya.
A ɗari takwas cinya ta soma gunaguni.
A dubu da wani abu
haki ya ƙwace lissafin, ya jefa a kwari.

Nan na zube kan wani dutse mai gansakuka,
kusa da tsohuwa Tokie da tsintsiyarta,
tana share ganyen da wani zai maye kafin ta juya.
Sandar ta duba kafin ta dube ni.
"Ina mai ita?"
"Yana gida."
"Da rai?"
"Da rai."
Ta ci gaba da shara.
Can ta ce, ba ta ko ɗago ba,
"Kullum nan yake zama
ya yi ƙaryar ɗaure igiyar takalmi."

A ƙoli ban ga teku ba, ban ga gonarmu ba.
Gajimare ya riga ni zuwa, ya zauna a kan komai.
Ɗakin bautar bai fi rumbu ba,
katakonsa ya yi furfura.
Diloli biyu na dutse ke gadi,
ɗaya ba kunnen hagu,
jan ƙyallen wuyansa ya koɗe.
Na jefa kwabon yen biyar, ya yi ƙwal a akwati.
Na girgiza igiya, ƙararrawa ta yi tarin tsofaffi.
Na ajiye zangarniya.
Rusuno biyu.
Tafi biyu,
daji ya maido mini ɗaya.

Na ce, "An girbe."

Sauran maganar ta tsaya a baki
kamar shayin da ya yi zafin haɗiya.
Alkawari kaya ne, ban roƙa ba.
Na dai jingina sandar a gaban ƙofa na ɗan lokaci,
mariƙin da tafinsa ya cinye yana kallon ciki.
Mai ido ya gani.

A gangara ne gwiwata ta fahimci tasa.
Kowane taki da haƙori.

Daga rumfar jiran mota na kira shi.
"Nawa kika ƙirga?"
"Dubu biyu da arba'in da ɗaya."
Ya yi dariya har ta koma tari,
na ji Inna na bubbuga masa baya.
"Maƙaryaciya," in ji shi.
"Ni ma ban taɓa wuce dubu ba.
Lambar ta kakanki ce."

Motar ta makara.
Na zauna ina kankare laka da bakin sanda,
rabi na cire,
rabi na bari.