Daren da Babu Mawaƙi

Matattakala goma sha bakwai muka sauka,
ni a gaba, Murdo a baya, hannunsa mai rai a kafaɗata.
Ruwan Glasgow ya rako mu har ƙofa,
yana ɗiga daga bakin hularsa.
Ɗakin yana ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa,
bango na gumi, riguna jiƙe sharkaf.
Yarinyar ƙofa ta buga mana hatimi a bayan hannu,
ta miƙo auduga ta toshe kunne, bibbiyu.
Babana ya jefa tasa a aljihu.
Shekara talatin yana walda a maƙerar jiragen ruwa,
me yaran nan za su nuna wa kunnensa?

Tun bara ciwon ya faɗo masa,
ya shanye dama, ya yi awon gaba da kalmomi.
Biyu ya bar masa: "to", da sunan mahaifiyata.
Duk mai zuwa dubiya sai ya cika shirun da surutu.
Ni ma haka. Na zama rediyon gidansa.

Su biyar suka hau, ba wanda ya ce sannunku.
Gurbin mawaƙi fayau, ko makirufo babu.
Struan, ɗana, jikansa, ya ba mu baya,
ya durƙusa gaban na'urori kamar mai neman allura.
Sai ga zare ɗaya na jita,
siriri, mai sanyi,
ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya.
Minti shida ba a ƙara masa ko gishiri ba.
Wani a bayana ya yi tari, ya ji kunya.
Jirgin ƙarfe tara ya bi ta kanmu,
mai ganga ta saurara masa,
da ya wuce ta tsinci takunsa ta ci gaba da shi.

Ba zan iya cewa ga inda abin ya fara girma ba.
Ka san madara a kan wuta:
ka kau da ido, ka juyo, ta riga ta taso.
Amon ya shigo ta tafin ƙafa,
ya hau gwiwa, ya yi zaune a ƙirji.
Kwalabe a kan kanta suka kama karkarwa.
Ana ta jan numfashi, ana ta ja,
har na ce a raina, ku sake shi mana,
sai suka sake.

Rufin bai faɗo ba, amma na duba.

Na juya in ce masa mu fita.
Bakina ya motsa, ni kaina ban ji ni ba.
Mutum ɗari biyu, ba mai iya cewa uffan,
duk mun koma irinsa.

Shi kuwa ya dafa ginshiƙin ƙarfen gadar,
tafinsa a kan kawunan ƙusoshi, kamar ya san mai aikin.
Ido a rufe, jijiyar wuya a miƙe,
baki a buɗe, yana faɗin wani abu
da ya fi "to" tsawo,
ya fi sunan mahaifiyata tsawo.
Ban ji ba.
Ƙila magana ce, ƙila ihu ne kawai.
Hayaniyar ta karɓa ta ajiye masa.

Da suka gama, sun jingine jitocin suna kuka su kaɗai.
Struan ya ɗaga hannu sau ɗaya, ya kashe wuta.

A waje ruwa ya tsagaita.
Muka tsaya jiran bas kusa da mai soya kifi,
kunnuwana na ta ƙara kamar sauro ya kwana ciki.
Na buɗe baki zan tambaye shi me ya ce ɗazu.
Ya laluba aljihu da hagu,
ya ciro audugar nan biyu, busassu,
ya danƙa mini, ya rufe yatsuna a kansu.

Bas ya yi latti da minti ashirin.
Ban ce komai ba.