Baƙuwar da Aka Bari a Cikina

Shekara goma sha tara ina tura ruwa a Zinder,
bido goma a amalanke, daga pampon Garin Malam
zuwa lungunan Birni, inda duwatsu ke zaune kan juna
kamar ba su da wurin zuwa.
Na shayar da unguwa uku.
Ni kuwa shayi, kofi biyu, in wuce.
Ruwa kuɗi ne. Wa ke shanye jarinsa?

Sai dutse ya bar Birni ya tare a ƙodata.
Bai kai ƙwayar wake ba,
amma ya durƙusar da ni bakin Kasuwar Dole
ranar Alhamis, jama'a na ratse ni.

Sun fidda shi. Sun ba ni a kwalba.
Sun bar wata siririyar roba a ciki,
lanƙwashe a sama, lanƙwashe a ƙasa,
daga ƙoda zuwa mafitsara,
wai ta tsare hanya kada ta toshe.
Ban taɓa ganin ta ba. Na san tana nan
yadda ake sanin baƙo a zaure:
da gyaran murya.

Na ɗauka in an sallame ka an gama da kai.
Kwana uku, salula ta yi ƙara.
Majo Barira ce.
Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba:
Tsalha, wane launi ne yau?
Na dubi matata, na dubi ƙasa.
Ban taɓa zancen fitsari da mace ba.
Ta ce, kamar zoɓo mai ruwa-ruwa, ko kamar jinin yanka?
Na ce zoɓo.
Ta ce, ba komai, ƙara ruwa.
In ka ga gudaji, in zazzaɓi ya zo da rawar ɗari,
in fitsarin ya ƙi fita,
kada ka jira asuba.

Bido goma? Ta yi dariya.
Ko buta cike, ka yi shawara da ita.
Ta hana ni kanwa, ta rage mini gishiri,
ta sa Harira ta jera kwalabe biyu manya a taga,
kafin isha'i a same su fanko.

Yanzu Mutari ke tura amalanken.
Kafaɗunsa ba su nuna ba tukuna,
yana zubar da rabin bido a kowane rami.
Ina kan tabarma ina jin kukan taya,
ina lissafin asara,
ina tashi zuwa bayan gida sau bakwai kafin azahar.
Duk tsugunno robar sai ta ja ni a kwiɓi
ta ce, ina nan.

Wani dare pampo bai zo ba.
Kwana biyu bai zo ba.
Harira ta ɓoye mini kwalba ƙarƙashin gado
kamar kuɗin adashi.
Na sha, kunya na bin maƙogwarona.

Majo ta rubuta ranar a karne da jan biro,
ta zagaye ta sau biyu.
Ta ba ni labarin wani, ba ta faɗi suna ba,
da ya ji sauƙi ya manta,
shekara ta zagayo, robar ta yi tsakuwa
kamar gindin tsohuwar tukunyar shayi.
Ta ce, baƙon da ya wuce kwanansa
shi ke zama ciwo.

Na sa Mutari ya kwafi ranar da gawayi
a bangon ɗaki, dab da ƙusar da nake rataya hula.
Saura kwana tara.

Da safe ya dawo, gumi har gwiwa.
Na tsayar da shi a ƙofa,
na buɗe bido na fari, wanda ya fi sanyi,
na cika moɗa.
Ya ce, Baba, na sayarwa ne.
Na ce, sha.