Sandar Mushe Nomau

Ran Litinin ina faci a rumfata ta Mokoyo
Mushe Nomau ya shigo ba sallama,
shi da gaisuwarsa kan kai har ga awakin gidanmu.
Ya shimfiɗa takarda bisa keke, ya danne ta da almakashi:
shafi ne daga littafin tarihi na lakwal,
gara ta ci gefensa.

Samari biyu na birnin Faris, shekara ɗari biyu da ɗoriya.
Kwala ta haye kunne, ƙyalle ya naɗe wuya har leɓe,
wando ya ɗame kamar fatar kalangu,
gashi buzu-buzu ta gaba, ƙeya an kwashe ta tas,
kowanne da sanda murɗaɗɗiya
kamar igiyar guga da ta kwana a rana.

Na san hoton. A aji biyar shi ya nuna mana.
Ya ce da wuƙar hukuma ta gaji da sare kawuna,
waɗanda suka wayi gari da wuyansu
sun rasa yadda za su yi da shi,
sai suka naɗe shi da yadi, suka fita taƙama.
Har harafin ra suka tofar daga bakinsu,
wai da shi sunan abin da ya ci iyayensu ya fara.
Mu ko ranar mun sha dorina a kan wannan ra ɗin
da ake kurkurowa daga maƙogwaro,
ni na fi kowa sha.

Na ce, Mushe, da bazarar Maradi?
Ƙadangare ma ɗaga ƙafa yake don zafin ƙasa.
Ya nuna hoton. Ya nuna ƙirjinsa.

Na ɗauko awo. Kafaɗa, hannu, tsawo.
Da na zo wuya, da kansa ya kwance mayafin.
Ɗinki ne daga nan zuwa nan,
ba na tela ba, na likitocin Yamai,
sawun zare kamar jerin tururuwa.
An fitar da ciwon, an haɗa da muryar.
Na rubuta talatin da takwas, na sake rubutawa,
na farkon bai karantu ba.

Kwana tara na yi a kan kwat ɗin.
Kwala ta ƙi tsayuwa, na cusa mata kwalin sukari.
Sandar kuwa, Gagere masassaƙi ya haƙo saiwar geza a bakin Gulbi,
ya ce bai ƙara mata komi ba,
haka Allah ya murɗe ta a cikin duhu.

Juma'a da la'asar ya fito.
Ƴan kabu-kabu suka rage wuta, suna buga oda,
mai ƙosai ta bar kasko guda ya ƙone,
yara na bin bayansa, wai zalɓe ya sa riga.
Gumi na bin kwalin sukarina,
shi ko yana tafiya ƙasaita,
kamar an ba shi titin kasuwa gado.

Yanzu gari ya koyi yaren sandar.
Ƙwal ɗaya, sannu.
Biyu, ina gajiya, ina iyali.
In ya ja ta a ƙasa, ƙarya kake, sake lissafi.

Jiya ya tsaya ƙofar rumfata ya buga uku.
Ban san ma'anar uku ba.
Na tashi tsaye, da furfurata, da allura a baki,
na cire allurar,
na kurkuro masa ra ɗin nan daga ƙasan maƙogwaro,
wanda ya bi ni bashi shekara arba'in.

Kwala ta rufe bakinsa, ban ga abin da ya yi ba.
Ya dai ɗaga sandar daga ƙasa kaɗan,
ya riƙe ta haka, bai buga ba,
ya wuce wajen mai shayi.