Rabin Alli

A kwaleji an ce mana aji mutum arba'in ne.
Na rubuta, na haddace, na ci jarrabawa a kai.
Ran Litinin aka turo ni Kurna gwajin koyarwa,
riga ta sha guga, takalmi ya sha mai.
Na buɗe rajistar aji huɗu:
ɗari da goma sha bakwai.

Benci shida ne, na wanda ya yi sammako.
Saura a ƙasa kan buhun siminti,
wasu a taga, ƙafafu na lilo,
wasu a bakin ƙofa, rabi ciki rabi waje,
kamar baƙin da ba a ce su shigo ba.

Malam Ɗanliti, shekara talatin da ɗaya a nan,
ya zaro alli daga aljihu, ya karya biyu.
Ya ce, "Ungo. Ya kai ka Laraba.
Kada ka danna, allon ya tsufa,
jiya muka shafe shi da baƙin batir."
Ya dubi tsarin darasina, shafi uku cif,
manufa, gabatarwa, kammalawa.
Ya ce, "Rubutunka da kyau." Bai ƙara ba.

Kiran suna kaɗai ya ci minti ashirin.
Na ce a yi shiru, muryata ta nutse
kamar tsakuwa a kududdufi.
Na rubuta ɗaya bisa biyu, na juyo,
ido ya yi mini caa,
babu wanda ya san me na zana.
Na koma Gwammaja murya a dishe,
Inna ta dafa mini citta, ba ta tambaye ni ba.

Da la'asar na hango Malam Ɗanliti a Kwari
yana auna yadi a shagon wani alhaji.
Yaron da ya koya wa baƙi ne, in ji shi,
shi ke biyansa abin da albashi ya gaza.
Ya ɗaga mini hannu. Ni ne na ji kunya.

Ranar da mai duba mu za ta zo
na biya Jakara na sayi gurasa guda.
Hadari ya riga ta isowa.
Kwanon aji uku ya yi ta zuba,
aka kwaso su aka haɗa mini,
har numfashi sai an yi rabo.

Na ɗaga gurasa, na yaga ta biyu.
"Wannan fa?"
Zuwaira mai tallar awara, can ƙurya,
wadda ban taɓa jin muryarta ba,
ta ce, "Rabi." Na sake yagawa.
"Rabin rabi, Malam. Kwata.
In guda ɗari biyu ce, wannan hamsin."
Ashe lissafin yana kanta tuntuni,
a faranti take ɗauke da shi,
sunansa kawai ba a faɗa mata ba.

Sai Sagiru ya miƙa hannu:
"Malam, in an gama, wa zai ci?"
Aji ya yi tsit. Karon farko ke nan.
Na tsaya da gurasa a hannu biyu,
ina lissafin da ba a koya mana ba:
ɗaya bisa ɗari da wani abu,
bisa cikin da bai karya ba.
Muka yi ta gutsura har ta zama gari.

Mai duba mu tana tsaye, ba kujera,
lemarta na ɗiga a kan takardata.
Ta rubuta: "Bai iya riƙe aji ba tukuna.
Kayan koyarwa: an cinye."
Ta ba ni maki daidai na wucewa,
ta tattare zani, ta tsallake ruwa, ta tafi.

Washegari na zaro abin da ya rage na alli,
ɗan guntu tsakanin yatsu biyu.
Kafin in juya ga allo
wata murya daga taga ta ce,
"Malam, allinka ya zama kwata."