Farautar Zalɓe

Kyamarar ta hannu ce, a Ikeja na saye ta
wajen wani yaro mai zaƙin baki
da ya rantse ba a taɓa buɗe ta ba.
Murfin batirinta ya tsage, na ɗaure da roba.
Sallau ya ce na ɗauki kuɗin rago sukutum
na zuba a akwatin da ba ya kuka, ba ya haihuwa.

Kwana shida ina kwatar Oko-Oba
ina rubuta shanun da suka shigo da ƙafarsu
suka fita a kafaɗar mutane.
Lahadi kuwa tawa ce.
Ina sallame asuba sai in bar Agege,
danfo uku, ƙafata a matse,
jakata a ƙirji kamar jinjiri,
har Ikorodu, inda ƙasa ta gaji ta sallama wa ruwa.

A nan yake.
Zalɓe, dogo, mai rigar toka,
tsaye da ƙafa ɗaya kan wani ruɓaɓɓen turke,
kainuwa na wucewa ƙarƙashinsa ayari-ayari
kamar ba ta san da zaman kowa ba.
Rana ta leƙo ta bayan gwangwalar masunta,
ruwan ya zama tagulla,
ya zama man ja,
ya koma ruwa.

Lahadi bakwai na yi ina binsa.
Ranar farko na samo fiffike.
Ta biyu, ƙafafu biyu suna barin hoto.
Akwai ranar da na dawo da turken kaɗai,
da ledar fiya wata tana iyo,
ta fito tar, ita da ban nema ba.

Iya Risikatu mai kwalekwale
tana tsince jatan lande daga taru, tana min dariya.
Da Hausarta ta kasuwa ta ce,
Malam, tsuntsu ba ya son mai sauri,
kai numfashinka ma gudu yake.
Na riƙe numfashi har idona ya yi ruwa.
Zalɓe ya dube ni da ido ɗaya,
ya bari sai da na sauke hannu,
sannan ya kama kifi.

Wata Litinin, mantuwa ta sa na tafi aiki da jakar.
Ruwa ya kwana yana zuba.
Bayan rumfar masu fiɗa,
inda nake toshe hanci in wuce shekara tara,
wani kududdufi ya kwanta shiru
ya haɗiye sama gaba ɗaya:
gajimare, wayar lantarki, jirgin da ya taso daga Ikeja,
da balbelu goma sha ɗaya
farare fat, kamar ba a nan suke kalaci ba,
kowace tsaye bisa kan 'yar uwarta ta cikin ruwa.
Ban gyara tsayuwa ba.
Ban ma tuna da numfashi ba.
Yatsana ne ya yi abinsa.

Na wanke shi babba, na kai wa Sallau.
Ya goge hannu a gaban riga kafin ya karɓa.
Ina ne nan kuma? Har ƙasar waje ka fara zuwa?
Na ce, bayan rumfarka ne,
inda kake watsa ruwan wanke wuƙa.
Ya daɗe yana kallo.
Ya zagaya baya, ya tsaya, ya dawo.
Bai ce komai a kan rago ba.
Ya dai nemi ƙusa.

Jibi Lahadi.
Na sa batir a caji, na canja roba.
Wancan mai rigar toka na Ikorodu
ya ba ni fiffike, ya ba ni ƙafa,
har yanzu ina binsa bashin kai.